Talabijin Shida da Ba Sa Kama Tasha

Mun tashi da asuba daga Legas, ni da ƙanena, da kwamfutoci shida a bayan bas. Shekara takwas yana gyaran kwamfuta a can. Da ƙyar na shawo kansa ya dawo Katsina mu buɗe shagon buga takardu a Ƙofar 'Yandaka. Sharaɗinsa ɗaya: in ya ga abin ba mai tafiya ba ne, zai koma.

Tun da soja suka koma bariki, kowace ƙaramar hukuma ta ajiye katakonta mai ƙusoshi a bakin titi don karɓar haraji. Kafin Ilori an tare mu sau huɗu, ko'ina da irin takardar da ake manna wa mota, har direba ya koma leƙen hanya ta gefen gilashi. A Jebba mun ci soyayyen kifi mai yaji, amma ban ji ɗanɗanonsa ba. Fuskar ƙanena nake kallo.

Na ce masa ai Legas ma ana biyan haraji.

"Ana biya, Yaya. Amma mai karɓa ya san abin da yake karɓa a kai."

Ramukan hanyar Birnin Gwari sun jijjiga mu har haƙora. Sai da muka wuce Malumfashi na saki ajiyar zuciya, na ce saura kuma daɗi. Ashe da sauran rina a kaba.

Washegari da hantsi muna jera kaya a shago, sai ga masu haraji biyu da jakar rasit. Muka gaisa, ya hanya, ya iyali, ya mutanen Kudu. Babban ya dubi allunan kwamfuta shida, ya dubi benci.

"Malam, wanga ai gidan kallo ne."

Tsadar kuɗin ba ta dame ni kamar sunan ba. Wanda ya ba mu hayar shagon, dattijo ne da gidansa ke jikin masallaci, yana tsaye, kuma na ga fuskarsa ta sauya. Ƙanena ya ce su dakata, zai buga wa mutumin sunansa a takarda ya gani da idonsa. Ya jona waya, ya danna. Babu wuta. Muka yi cirko-cirko gaban baƙin gilashi har mutumin ya gama rubuta rasit.

Wutar ba ta dawo ba sai bayan kwana uku. Kafin nan zancen ya kai Babbar Kasuwa, dattijon kuwa ya aiko a ba shi makullinsa.

Ni na raka ƙanena tasha. Jakar kayan aikinsa ko buɗe ta bai yi ba. Ban roƙe shi ya zauna ba, kunya ta hana ni.

Dā na ɗauka kuɗi ne kawai ke tara masu irin wannan aiki a Legas. Tafiyar nan ta koya mini cewa sana'a tana zama ne inda aka san sunanta. Kwamfutocin suna ɗakina an rufe su da zani, rasit ɗin yana aljihuna. Abin da aka rubuta a kai: talabijin guda shida.