Tsohon da ke Riƙe wa Fada Akwati

A tashar Gaya, Gwadabe ɗan kamasho yana kallon wani tsoho, ƙafa duk faso, carbi mai gicciye a wuya, rungume da akwatin kayan ibadar 'yan Katolika. Da gani ya daɗe yana wannan dako. Fada, limaminsu, saurayi cikin farar riga, ya shige gaban motar Ajingi ya miƙe ƙafa, tsohon kuwa an cusa shi baya cikin awaki. Ga hadari ya haɗo. Tsohon ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe akwatin, haƙarƙari a waje.

Gwadabe ya tofar da yawu. "Tir! Baba, ka haifi ubansa fa. Limami ne ko hakimi?"

"Ni na koya masa addu'ar farko," in ji tsohon. "Rage murya, barci yake."