Labulen Da Na Rufe Gidanmu Da Shi

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Nakkasa ta Makka ina ɗinkin abaya, abokina ya dawo daga Jidda da kyamarar bidiyo mai kaset. Ya kamu da son finafinan nan da ake tafiya wata duniya a jirgi, ya rantse sai mun yi namu. Mu da ko jirgin sama ba mu taɓa shiga ba.

A saman gidanmu muka yi aikin. Tsohon tankin ruwa ya zama jirgi, muka naɗe shi da takarda mai ƙyalli ta rufe abinci. Ni aka bar wa sararin samaniya. Na harhaɗa ragowar baƙin yadin abaya na ɗinka ƙaton labule, na huhhuda shi da basilla. In rana ta bugo shi ta baya, sai hujojin su yi ta ƙyalli kamar taurari. Mun sha zafin Makka a saman nan, gumi har cikin ido.

Wata rana abokina ya ce, "Ya shehu, ɗan yaye gefen nan mana dutsen da unguwarmu ke kai ya fito. Gidajen nan da suka hau kan juna ai su ma wata duniya ce."

Na ce, "Ka nuna wa mutane kwanon rufi da shanya a yi mana dariya? Halas, magana ta ƙare, ba na yayewa." Har ƙyalle na ƙara a inda ƙofar mahaifiyata ke leƙowa.

Fim bai kammalu ba, kowa ya gaji. Daga baya rusau ya zo ya ci gidan, muka koma haya a unguwar Utaibiyya. Mahaifiyata ta tsufa, ƙafa ta ƙi. Rannan ta ce, "Ɗan nan, ba kun ɗauki hoto a gidan can ba? Nuna min in ga ƙofata ko sau ɗaya."

Na nemo kaset wurin abokina, aka juya mana shi a waya. Ga tanki, ga taurari, ga abokina da bokiti a ka. Can sai murya daga ƙasa: "'Yan sama jannati, ku sauko ku ci abinci kada ya huce!"

Ta yi dariya har da tari. "Ni ce wannan! To ina gidan?"

Na ce, "Inna, yana bayan labulen."

Ta ce, "To ɗaga mana."

Allah Ya ji ƙanta, ta rasu ba ta gani ba. Kunyar gidan da ya raine ni na ji, shi ke nan. Har yau nakan kunna fim ɗin, ido a gefen labulen, ko iska za ta ɗan ɗaga shi. Ba ta ɗagawa. Duk rayuwata ban taɓa yin ɗinki mai ƙarfin wannan ba.