Ranar da Baba ya kwanta a kan teburin majigi

Shekarun baya, lokacin da nake ganin na gama sanin Amurka don kawai na iya tuƙi a babbar hanya gabana bai faɗi ba, na ɓullo da wani abu a Greensboro. Duk Asabar bayan la'asar sai in tara mutanenmu sababbin zuwa a ɗakin taro na gidajen hayar da nake zaune, can gabashin gari, in haska musu fim ɗin Amurkawa a jikin bango. Nufina kunnensu ya saba da harshen, su ga yadda mutanen ƙasar ke gaisawa da cin abinci da faɗa da shiryawa. Idan an gama sai in miƙe in yi ta bayani kamar malamin jami'a, alhali a lokacin aikina jera kwalaye ne a sito. Wata Anti 'yar Jos, ma'aikaciyar jinya, ita ke kawo gugguru da zoɓo, kuma ita ke gyara mini zance idan na cika ƙari.

Cikin masu zuwa akwai mahaifin abokina, wanda duk muke kira Baba. Abokina direban babbar mota ne, yakan yi kwana da kwanaki a hanya. Ya ɗauko tsohon daga Zariya saboda ciwon ƙoda. Baba ba ya jin Turanci ko kaɗan, amma bai taɓa fashi ba. Majigi yake ce wa abin. Kujerarsa ta gaba ce, ni kuma ina gefensa ina fassara masa ƙasa-ƙasa.

Saboda shi da sauran manya, ba na haska fim sai na kalle shi a gida na haddace duk inda za a rungumi juna ko a tuɓe riga, don in tsallake da sauri. Na ƙware a wannan har ina alfahari. Abin kunya kaɗai nake farauta. Bai taɓa zuwa mini a rai ba cewa akwai abin da ya fi wannan nauyi ga tsohon da ake kaiwa wankin ƙoda duk mako.

Wata Asabar na sa labarin wasu 'ya'ya da mahaifinsu ya mutu. Aka nuno shi kwance cikin akwati a buɗe, da kwat da laktaye, an gyara masa fuska, mutane na wucewa ɗaya bayan ɗaya suna kallonsa. Baba ya taɓa gwiwata.

"Wannan barci yake yi?"

"Ya rasu, Baba."

"Yaushe?"

"A labarin dai ya kai mako."

"To ina suka ajiye shi duk kwanakin nan?"

Ni kuwa an taɓo inda nake son nuna sani. Na shiga yi masa bayanin ɗakin sanyi, da yadda ake zuƙe jini a ɗura magani, da hodar da ake shafa wa fuska, har da waɗanda ake ƙonawa a ba dangi toka. Anti ta taka mini ƙafa, amma na riga na gama.

Da aka watse bai tashi ba. Ya ce, "Yaro, zauna." Na zauna. Ya ce shekara da shekaru shi ke wankan gawa a unguwarsu, kuma bai taɓa barin mamaci ya kwana ba matuƙar da sauran rana. Sannan ya dube ni.

"Abokinka kullum yana hanya. In ta zo mini yana can wata uwa duniya, wa zai karɓe ni?"

Na ce ai akwai masallaci, suna da tsarinsu, akwai kuma wurin da ake binne Musulmi.

"Na san akwai masallaci. Hannun wa zai taɓa ni nake tambaya. Kai ka taɓa yi?"

Na faɗa masa gaskiya: tsoron gawa nake ji tun ina yaro, ko kakata da ta rasu a gidan maƙwabta na wuni. Bai yi dariya ba. Ya gyara hularsa ya ce, "To, Asabar mai zuwa ni zan yi muku majigi."

Da Asabar ta zagayo, bayan mata da yara sun fita, ya tsayar da mu maza kaɗan. Anti ta miƙo mana farin zanen gado da robar wanka ta ja ƙofa. Baba ya sa na sauke na'urar haska fim daga kan teburin, muka tallafe shi ya hau, ya miƙe da kayansa a jikinsa, ya rufe ido. Daga nan kwance ya koya mana, ba ruwa ba sabulu: yadda ake lulluɓe tsiraici, yadda ake naɗe hannu da ƙyalle, alwala, dama kafin hagu, yadda ake juya mutum ba a kifar da shi ba. Na riƙa sauri don in gama.

"A hankali," ya ce, idonsa a rufe. "Ba mota kake wankewa ba. Kuma kada mayafin nan ya zame, mamaci ma da mutuncinsa."

Mun yi ta maimaitawa makonni. Abokina da ya ji labari ya bugo mini waya ransa a ɓace, wai mun mayar masa da uba gawa da ransa. Baba ya karɓi wayar ya ce, "Kai dai yi ta tuƙinka, ni na sa su." Ba a sake tayar da maganar ba.

Wata safiya ina wurin aiki Anti ta kira ni daga asibiti. "Baba ya tafi. Abokinka yana Arizona, ya ajiye truck ɗinsa yana neman flight, jirgin da zai kawo shi. Ka zo yanzu ka tsaya a kansa, kar su kai shi inda ba ya so." Na tafi. Ita ta yi ta bin likitoci har aka sa hannu, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa ina maimaita wa duk wanda ya zo cewa ba magani, ba hoda, namu ne, mu za mu yi masa. Mutanen masallaci suka ba mu ɗakin wanka da likkafani.

Na ɗauka zan kasa. Amma da na naɗe hannuna da ƙyallen sai jikina ya tuna komai, domin wannan kafaɗar ba baƙuwa ba ce a hannuna. Sai da na zo kan damtsensa na dama na lura na fara sauri, na tsaya cak, ina jiran ya tsawata mini. Shirun da ya biyo baya shi ya sa ni hawaye. Na ci gaba a hankali, mayafin bai zame ba.

Abokina ya iso da hantsi washegari, muka binne Baba bayan azahar. A maƙabarta tambaya ɗaya ya yi mini.

"Wa ya yi masa?"

"Ni ne."

Ya kama hannuna ya riƙe, bai sake shi ba har aka gama addu'a.

Na tara mutane don in koya musu yadda ake rayuwa a ƙasar nan, ban taɓa tambayar kaina yadda za mu mutu a cikinta ba, sai da tsoho ya hau tebur ya tambaye ni. Bayansa na yi wa wasu wanka, kuma har yanzu gabana na faɗuwa kowane lokaci. Majigin Asabar na nan, ina kuma tsallake wuraren kunya kamar da. Wurin jana'iza ne ba na tsallakewa. Nakan tsayar da fim ɗin in tambayi wa ya iya, wa yake son koyo.

Teburin ma yana nan a ɗakin. Har yau ban sake ɗora na'urar a kansa ba, kujera nake jawo mata.