Surukina da Takardar Gurbi Uku

Surukina tela ne, mai taurin kai tun yana saurayi. Ko wuyan riga ya ɓata, cewa yake wuyan mai rigar ne a karkace. Da jikata ta gama firamare, aka ba shi takardar zaɓen sakandare mai gurbi uku. Malaminta ya ce ya sa babbar makaranta ɗaya, matsakaita biyu. Gogan ya cike duka ukun da sunan babbar.

Na ce, "Kai, in makinta bai kai ba fa?"

Ya ce, "Haba Inna, 'yata ce fa!"

Sakamakon jarrabawa ya fito, saura maki biyu ta kai. Ƙawayenta da ta fi ƙoƙari duk sun samu makaranta. Ita kuwa tana shagonsa tana ɗinka maɓalli, sai baɗi kuma. Tir!