Wanda Ya Sauko da Yayansa Daga Rufi

Kadangare ake ce masa a wurin aiki, kuma yayansa ne ya laƙaba masa sunan tun yana saurayi, ranar da ya fara hawa rufi ya manne wa kwano da cikinsa ya ƙi motsi, sai ɗaga kai yake yana saukewa. Ma'aikata suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Sunan ya bi shi, har matarsa ma idan ya ba ta haushi da shi take kiransa. Yanzu furfura ta fara leƙowa a gemunsa, yana da 'ya'ya mata uku da wani babur da ke tashi idan ya ga dama, kuma duk garin babu wanda ake nema kafin shi idan ana son shuka ciyawa a kan rufi mai gangara.

Mahaifinsu ya rasu yana ƙarami. Yaya, wanda ya girme shi nesa ba kusa ba, shi ya bar makaranta ya bi kafintoci, shi ya riƙe gidan, shi kuma ya saya masa gudumarsa ta farko. Ba mai faɗa ba ne, sai dai zolaya. Idan ka buga ƙusa a karkace ba zai ce maka komai ba, sai ya tsaya yana kallonta kamar ya ga baƙuwa, har kai da kanka ka ji kunya ka cire. Haka suka yi shekara da shekaru suna rufa gidajen mutane da shaguna, Yaya a gaba, Kadangare na biye.

Sai wani kamfani ya buɗe, na wata injiniya mai magana a hankali, wadda ta ƙware a rufin ciyawa. Manyan kantuna da otal-otal da gine-ginen ofisoshi suka shiga nemanta, don ciyawar tana sanyaya gini, tana kuma riƙe ruwan sama kada ya zubo wa titi gaba ɗaya. Tana neman waɗanda ba sa tsoron sama, sai aka nuna mata 'yan'uwan biyu.

Da ta gama yi musu bayani Yaya ya shafa kai ya ce, "Ni dai na saba a kira ni in cire ciyawa daga rufi. Ban taɓa jin a biya mutum ya shuka ta ba." Amma ya karɓi aikin.

A rufi shimfiɗaɗɗe aikin ba wuya. Mai gangara shi ne jidali, domin duk abin da ka ɗora ƙasa yake so ya tafi. Da farko a shimfiɗa leda mai kauri da ke hana ruwa, a bi gaɓoɓinta da wuta a liƙe. Sai wani bargo da ke hana saiwa huda ledar. Sai a kafa ƙarafa a gicciye kamar matakala, a ɗaura wata raga mai gida-gida irin saƙar zuma, a cika kowane gida da ƙasa marar nauyi da aka gauraya da dakakken bulo. Daga nan injin ɗaga kaya ya miƙo ciyawar a naɗe kamar tabarma, irin mai kaurin ganye da ba ta damu da ƙishirwa ba, a warware ta daga tsororuwar rufin zuwa bakinsa. Duk wannan mutum yana yi ne sanye da ɗamara mai igiya, ƙugiyarsa a maƙale da zoben ƙarfe. Idan zai matsa gaba sai ya maƙala sabuwa kafin ya kwance tsohuwa.

Kadangare ya ƙware a aikin da wuri, har Injiniya ta mai da shi shugaban masu hawa. Ya je gida yana jan ƙafa, bai san yadda zai faɗa wa yayansa ba. Ashe Yaya ya riga ya ji. Ya tare shi a ƙofa ya ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a riƙa ba mu hutun cin abinci da wuri." Maganar ta ƙare a nan, ba a sake tayar da ita ba.

A kan wani babban kanti ne, mai rufi kamar an jingina allo da bango, Kadangare ya fara lura. Yaya zai maƙala ƙugiya, sai ya ga yana lalube da yatsu kafin ya sami zoben. Wata rana ya miƙa masa almakashin yanka leda, hannun Yaya ya wuce ta gefe. Sai kuma ranar da suna shimfiɗa raga kusa da bakin rufi, Yaya ya maƙala sabuwar ƙugiya, ya kwance tsohuwa, ya ci gaba da aiki yana 'yar waƙarsa. Ƙugiyar ba ta shiga zoben ba. A kan leɓensa ta rataya, bakinta a buɗe. A ƙasa motoci sai wucewa suke.

Kadangare bai yi ihu ba, don kada ya firgita shi. Ya gangaro a hankali kamar mai neman wani abu, ya danna ƙugiyar ta shiga, ya wuce. Da ya kai tsororuwa sai ya zauna.

Da aka tashi cin abinci ya ce, "Yaya, idon nan naka lafiya kuwa?"

"Ina ganinka sarai, da muninka da komai."

"Da gaske nake. Da mun je an duba."

"Ranar da na kira ka da sunan matata sai ka kai ni." Ya ci gaba da cin abincinsa.

Abin da ya kamata a nan shi ne Kadangare ya ce masa ga abin da na gani ɗazu. Mutumin da ya koya maka tsayuwa a kan rufi, da wane baki za ka ce masa ya sauka? Sai ya bi wata hanya. Ya sami Injiniya a cikin motarta ya gaya mata komai, ya roƙe ta kada sunansa ya fito. Ta ce, "Gara ya ji daga bakinka." Ya ce ba zai iya ba. Bayan 'yan kwanaki aka sanar cewa kamfani ya kafa sabuwar doka, duk mai hawa rufi sai an gwada idonsa. Aka kwashe su duka zuwa asibiti. Kowa ya wuce, ban da Yaya. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ta fara kamawa, kuma aikin cire ta sai an bi layi mai tsawo.

Injiniya ba ta kore shi ba, ba ta kuma taɓa albashinsa ba. Ta mai da shi ƙasa, wurin gauraya ƙasa da bulo da ba ciyawa ruwa kafin a ɗaga ta. Daga sama Kadangare kan hango shi, da shebur a hannu, a tsakiyar tarin buhuna, lokaci-lokaci yana ɗaga kai ya kare rana da tafin hannu. Masu hawa suka fara kiransa Sarkin Ƙasa. Yana dariya idan sun faɗa, amma zolayar nan tasa ta ɗauke, kuma ya daina cin abinci tare da su.

Ranar hutu suka haɗu a ɗakin mahaifiyarsu kamar yadda suka saba. Tsohuwar tana zaune a bakin gado, ƙafafunta a cikin roba da ruwan ɗumi. Ta dubi Kadangare ta ce, "Yanzu kana wurin, kai ne babba, aka sauko da yayanka kamar tsohon tsani, ba ka ce uffan ba?"

Kafin ya sami abin faɗa Yaya ya tare. "Inna, ki bar yaron nan. Babu hannunsa. Doka ce daga sama, shi ma bi yake. Da yana da iko ai da ba a yi ba."

Kadangare ya zuba wa ruwan robar ido. Ya miƙe ya ce bari ya ƙaro mata ruwan zafi, ya tsaya a kicin har tukunya ta tafasa ta fara ƙonewa.

Ban da Injiniya, matarsa kaɗai ta san gaskiya. Tana ninke kayan yara ta ce masa, "Baban yara, abin da ka yi ba laifi ba ne, ɓoyewar ce laifi. Je ka gaya masa. Zai yi fushi, ya huce." Ya ce to, gobe. Gobe ta yi ta zuwa tana wucewa.

Sai wata safiya Yaya bai zo aiki ba. Ya aiko da sheburinsa da hular kwano, da saƙon godiya ga Injiniya. Da Kadangare ya bincika, sai ya ji ya koma wurin wani ɗan kwangila mai rufa manyan ɗakunan ajiya a bayan gari, wanda ba ya tambayar ido, ba ya kuma sayen igiya. Wannan ne bai taɓa zuwa masa a rai ba. Shi a lissafinsa ya sauko da yayansa ƙasa ne, ashe daga rufi mai igiya ya tura shi zuwa marar igiya.

Ya hau babur ya je. Ya tarar da shi can ƙololuwa, yana tafiya a kan katako da kwano a kafaɗa, iska na kaɗa rigarsa. Ya jira har ya sauko, ya miƙa masa ɗamara da igiya da ya zo da su.

Yaya ya juya su a hannu ya mayar masa. "A ina zan maƙala? Ka ga zobe a nan? Nan ba a ɗaure mutum kamar akuya."

"Ka dawo, Yaya. Har a yi aikin idon."

"In dawo in yi ta dama taɓo? Kai ma ka san ba zan iya ba." Ya dafa kafaɗarsa. "Kada ka damu kanka. Na san ka yi iya ƙoƙarinka a wurin matar nan."

Kadangare ya yi shirin faɗa masa gaskiya. Sai aka kira Yaya daga sama, ya juya ya kama tsani.

Ba a daɗe ba abin ya faru. A irin waɗannan ɗakunan akan sa kwanon roba jefi-jefi don haske ya shiga, kuma idan rana ta haska launinsa kusan ɗaya yake da na ƙarfe. Yaya ya taka ɗaya. Ya faɗa ciki, Allah ya taimaka a kan tarin kwalaye, amma ƙugunsa ya karye. Kadangare yana kan rufin wani otal yana jan tiyon ban ruwa aka kira shi a waya. Bai tuna yadda ya sauko ba.

A asibiti ya same shi kwance, an ɗaure ƙafarsa da wani nauyi, fuskarsa ta yi fari fat. Yaya ya yi ƙoƙarin murmushi ya ce, "Ka ga, da a wurinku ne da igiya ta riƙe ni, sai dai in yi ta lilo kuna dariya." Matar Yaya da ke tsaye ta ce masa ya yi shiru ya huta. Kadangare ya fita baranda ya kama ƙarfe, ya daɗe a tsaye.

Tun daga ranar ya ɗauke jinyar. Shi ke juya shi, shi ke kai shi banɗaki, shi ke yi masa wanka don Yaya ya ce ba ya son matarsa ta sha wahalar ɗaga shi. Da aka sallame su, kullum kafin ya tafi aiki sai ya biya ya riƙe shi su yi 'yar tafiya daga ƙofar ɗaki zuwa bakin titi. Shi ya yi ta safa da marwa har layin aikin ido ya zo, aka cire yanar. Yaya ya koma gani tar, amma ƙafar ta gajarta, sai da sanda. Rufi kam an yi sallama.

Matar Yaya ba ta da hira a unguwa sai ta Kadangare. Duk wanda ya zo dubiya sai ta ce, "Irin ƙanin nan ba kowa Allah ke ba shi ba." Mahaifiyarsu ma ta nemi ya yafe mata maganar da ta yi masa. Idan aka fara wannan yabo Kadangare kan tuna yana da wani uzuri, ya fita ya yi ta fama da babur ko da lafiyarsa ƙalau. Matarsa ta daina ce masa ya faɗa. Kallonsa kawai take idan ya dawo, ta ajiye masa abinci. Shi kansa ya kasa rabewa, ko don tausayin Yaya yake shiru, ko don yana tsoron yadda zai dube shi.

Yanzu Yaya yana zama a ƙofar gida a kan benci, yana wasa zarto da gyaran ƙotar guduma ga kafintocin unguwa. Zolayarsa ta dawo, har yaran makwabta sun san ta. Kadangare kan tsaya da yamma, takalmansa duk ƙasa, ya zauna a gefen bencin. Kwanan nan kamfani ya karɓi aikin wani gini mai gangarar da ba su taɓa hawa irinta ba, sai Yaya ya sa shi ya zana masa siffarsa a ƙasa da tsinke. Ya duƙa ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna da sandarsa.

"Nan iska za ta dame ku. Ku fara ta wancan gefen, ku matso da ƙarafan kusa da juna. Kuma kada ka bar kowa ya hau da safe sai raɓa ta bushe."

Kadangare ya ce, "To, Yaya." Washegari haka aka yi.