Mai Tabarau, Wanda Ya Koya Wa Leburori Zargi

Kullum shi ke fara buɗe ɗakin horon da ke bakin wurin ginin. Ya goge wani tabarau na na'ura mai nuna hotuna, mai kama da ƙaramin akwati, ya shimfiɗa katako ɗaya a ƙasa, ya jira sababbin ma'aikata. Duk wanda ya ɗaura tabarau ɗin sai ya ga kansa a ƙololuwar bene: ga rami ba murfi, ga wayar lantarki cikin ruwa, ga bulo yana lilo a bisa kansa. Dole ya gano abin da zai halaka shi kafin ya ɗaga ƙafa.

Tsohon birkila ne, amma leburori ba su yarda da shi ba. Cewa suke yi ɗan leƙen asirin kamfani ne, na'urarsa ce ke kai ƙarar wanda ya kasa don a sallame shi. In ya shigo rumfar cin abinci, sai hira ta mutu. Abin yana cin ransa, amma bai taɓa rantse-rantse ba.

"Ku yi ta zargina," yakan ce, "amma ku rage kaɗan ku zargi tsani."

Wata rana matar wani mai walda da ya horar ta zo har ƙofa.

"Baba, me ka sa wa maigidana a ido? Yanzu ko kujera sai ya girgiza ta kafin ya zauna!"

"'Yata, ki bar shi ya girgiza."

Ba a jima ba mai waldan ya ƙi hawa katakan da aka kafa a hawa na biyar, wai bai yarda da su ba. Sauran ma suka ja baya. Shugaban aiki ya fusata, ya kira Mai Tabarau.

"Kai ne kake zuga min mutane, ko?"

"Ranka ya daɗe, a duba. In lafiya lau suke, ka kore ni yau."

Alhali shi Mai Tabarau bai ma ga katakan ba. Idon ɗalibinsa kawai ya dogara da shi. Aka hau aka duba. Ƙarfen da ke riƙe da su ya tsage ta ciki.

Babu wanda ya ba shi haƙuri. Washegari dai, da ya shiga rumfa, aka matsa masa wuri a benci.

Baba, wannan watan za ka ajiye aiki. Kai ne mai jefo mutum daga bene a cikin tabarau ya tashi da ransa. Kai ne ka haɗiye baƙar magana don 'ya'yan wasu su ga iyayensu da yamma. Mun gode, Allah Ya saka da alheri.

Ku kuma masu hawa sama, ku yi koyi da shi: duk abin da za ku taka, ku tuhume shi tukuna.