Itacen Layyar da Muka Kai Lyon

Ko na tsufa ba zan manta da layyar da muka yi a Villeurbanne, kusa da Lyon, ba. Abin da na fara gani a gidan Kawu shi ne wani icce mai farin ɓawo a tsakar gida, wanda Faransawa ke kira bulo, Kaka na zaune a gindinsa. Tun da aka kawo ta daga Maradi neman magani ba ta fita, ba ta jin Faransanci. Wannan inuwar kaɗai gare ta.

Daga Paris muka zo. Baba ya cika bayan mota da guntayen iccen bulo da ya tsinta inda aka sare su wajen Porte de la Chapelle, don a cewarsa ba a gasa ragon layya da gawayin kanti. Ina 'yar lakwal lokacin, wato 'yar makaranta, mai kunyar magana. Muna saukewa na ga ƙananan ramuka a jere jikin ɓawon itacen da muka kawo, kamar ɗinkin keke, ga wani gari ja-ja.

"Kawu, me ya huda shi?"

"Garar Turawa ce, ɗiyata, ita ma nama ta zo ci. Allez, maza ɗauko!"

Aka yi dariya, aka gasa rago. Ragowar itacen aka jingina a gindin bulon, wai sai baɗi.

Da muka dawo baɗin, kan iccen ya bushe, ganye na zuba cikin bazara. Ɗinkin nan ya hau jikinsa har sama. Mai duba itatuwa ya ɓare ɓawon ya nuna mana hanyoyin da tsutsotsi suka ci. Ya ce ƙananan ƙwaro ne, daga itacenmu suka fito, suka tarar zafi ya riga ya raunana shi. Babu magani, sai sara.

Kaka ta yi ta barbaɗa masa toka kamar waken rumbu. "Bai ji ba, jikalle," ta ce mini. Baba ko kallon wajen bai iya yi.

A nan na koyi cewa akwai ɓarnar da mutum ke ɗaukowa da hannunsa cikin kyakkyawar niyya, kuma ranar da ta bayyana ta riga ta gama.

Ranar sara Kaka ta ƙi fitowa. Na matsa kusa da mai zarton. "Monsieur, don Allah ku bar kututturen da ɗan tsawo. Kakata ta samu inda za ta zauna."